Sai Doki Ya Sha

Laraba, 8 ga Janairu, 1958, da hantsi

Bai faɗo daga kan doki ba. Da wannan zan fara, tunda na ji abin da ake faɗa a kantin burodi. Mijina Athol Prowse tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba yake kan sirdi, a kan sirdi ya ratsa hamadar Sina'i, kuma ranar Litinin da abin ya zo masa, sauka ya yi da ƙafarsa. Na same shi kwance a gindin famfon iska mai jawo wa dabbobi ruwa, da ke ƙarshen gonarmu. Iska ta ƙi kaɗawa, komin ruwan dabbobi a bushe ƙarau, ga kayan gyara a gefe. Dokinsa Barney na tsaye a kansa, an sassauta majayin sirdi, an ɗaure linzami a jikin shinge da irin ƙullin da Athol kaɗai ke yi. Wato sai da ya gama da doki sannan ya kwanta. Wanda ya faɗo ba ya tsayawa sassauta sirdi.

Ina zaune a barandar asibitin garinmu. Babbar nas, Sista Kinnear, ta ce in je in huta. In huta in yi me? Matar fasto ta ba ni ɗaki a bayan coci, can na ajiye akwatina.

Juma'a, 10 ga Janairu, da yamma

Yana barci har yanzu. Sun sa masa allura a hannu, ruwa na ɗiga daga kwalba.

Ɗanmu Neville ya zo da ƙura har gira. Ya ce, "Mama, tankin gida ya kusa ƙafewa, kuma ba kowa a gonar. Bari in kwashe sauran tumakin da Barney in kai wajen surukaina, can gabas suna da ɗan ruwa."

Na ce ya kwashe. Ko tunani ban yi ba. Dokin da ya tsaya a kan mijina cikin ranar nan mai ƙona fata, ko shafa wuyansa ban je na yi ba.

Asabar, 11 ga Janairu, da tsakar rana

Ba hadari ko kaɗan. Ƙudaje kuwa kamar an aiko su.

Lahadi, 12 ga Janairu, da sassafe

Ya buɗe ido. Allah na gode maka.

Lahadi, da rana

Maganar bakinsa da hannunsa na hagu ba zan yi ta a nan ba. Ido dai nasa ne, shuɗin nan da ya sa na ƙi ɗan mai kanti na bi yaron dawaki.

Ya dube ni ya daɗe, sannan da ƙyar ya ce, "Hec."

Hec Lumsden abokinsa ne na soja, wanda aka binne kusa da rijiyoyin Biyasheba a yaƙinsu da Turkawa, tun ina budurwa. Hotonsa na rataye a falonmu, mutum mai kunnuwa kamar hannun tukunya. Shekara talatin da 'yan kai ina share wa hoton nan ƙura, yau ni ce Hec. Na ce, "Tsoho, ka dube ni da kyau, kunnuwana ba su kai nan ba." Bai yi dariya ba.

Sista ta kawo ruwa a kofi mai ɗan baki ta kai leɓensa. Ya datse haƙora, ya juya fuska bango. Ta ce haka suke yi da farko, kada in damu. Ban damu ba.

Talata, 14 ga Janairu, da yamma

Ya fizge allurar da hannunsa mai lafiya, jini har kan zanen gado. Aka mayar, ya sake fizgewa. An gwada ruwa, an gwada madara, an gwada shayi mai sukari uku yadda yake so. Ni da kaina na jiƙa tsumma na kai bakinsa, ya ture hannuna, a hankali dai, kamar yana ba ni haƙuri. Yana iya haɗiya, likita ya duba. Ƙi ne kawai yake yi.

Clarrie Tuckey maƙeri ya zo dubiya. Tare suka yi yaƙin, su huɗu a ƙungiyarsu, Athol ne kofur ɗinsu, yanzu su biyu suka rage a duniya. Clarrie kunne ɗaya gare shi mai aiki, don haka ba ya magana sai da ihu.

"Kofur! Tashi mana, malalacin banza! An busa ƙaho tun ɗazu, kai kana kwance mata na yi maka fifita."

Sista ta leƙo. "Malam Tuckey, nan asibiti ne, ba maƙera ba."

"Na ga alama, Sista. A maƙera duk abin da aka kawo gyara yakan fita da ƙafarsa."

Da muka fito baranda sai ya zauna yana murza hularsa. Ban taɓa ganin bakin Clarrie a rufe ba, abin ya ba ni tsoro fiye da allurar.

Laraba, 15 ga Janairu, da hantsi

Matar mai gidan waya ta tare ni a hanya, wai ta ji labarin faɗuwar da Athol ya yi, sannu. Na ce mata wanda ya gaya mata ya koma ya tambayi Turkawa ko sun taɓa iya sauke shi, balle Barney. Ta buɗe baki, na wuce abina.

Na je gida na ɗauko masa hularsa ta soja, mai gashin jimina a gefe, na rataye inda zai gan ta. Kowace shekara ranar tunawa da sojoji shi ke gaba a jerin gwanon garin nan, a kan doki, bayansa a miƙe kamar an sa masa katako, gashin hular na rawa. Ni kuwa ina gefen titi ina yi kamar ban damu ba, alhali zuciyata kamar ta fashe don alfahari. Ban taɓa gaya masa ba. Kansa ya ishe shi girma haka.

Da goɗiyarsa ta kansa ya tafi yaƙin. Sunanta Kitty, shi ya karɓi haihuwarta a gonar ubansa, shi ya hore ta, da aka zo ɗaukar soja ya hau ta ya yi tafiyar kwanaki har barikin. Tare suka shiga jirgin ruwa zuwa Masar. Shi kaɗai ya dawo, kamar kowa, don ba a bar kowa ya dawo da dokinsa ba. Igiyar da ke zagaye da hular nan da gashin wutsiyarta aka kitsa ta. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ban taɓa tambaya ba.

Ya kalli hular. Bai sha ba.

Alhamis, 16 ga Janairu, da yamma

Sun ɗaure masa hannun dama da bandeji a jikin ƙarfen gado.

Juma'a, 17 ga Janairu, da safe

Likita ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, shi ma ya yi yaƙin baya-bayan nan, ba ya kewaye-kewaye. Ya ce jijiyoyin hannun Athol sun gaji da allura, nan ba su da kayan da za su riƙe shi haka. In bai sha da bakinsa ba kafin Juma'a mai zuwa, za a sa shi a jirgin ƙasa zuwa asibitin tsofaffin sojoji da ke Brisbane, a sa masa roba ta hanci.

Na ce, "A ɗaure?"

Ya ce, "In ya ci gaba da fizgewa, Misis Prowse, dole."

Na san mutum biyu daga garin nan da suka shiga jirgin nan a kwance. Na san yadda suka dawo. Athol ko Brisbane ɗin lafiya lau ba ya iya kwana biyu a cikinta, yakan ce sama ta yi masa kaɗan.

Na koma na tsaya a kansa. Raina ya ɓaci, na faɗa masa son raina. "Kai wane irin mai taurin kai ne? Hamada ba ta kashe ka ba, sai ka kashe kanka ga ruwa a kofi a gabanka? Ka sha, Athol, don Allah ka sha." Leɓensa duk ya tsage. Ya dube ni da tausayi, wai ni yake tausayawa, ya ce, "Tukuna, Hec."

Tukuna me?

Asabar, 18 ga Janairu, da hantsi

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Amalanken mai madara ya bi ta bayan asibiti. Da jin ƙarar kofato sai Athol ya ɗaga kai daga matashi, abin da bai yi ba tun da aka kawo shi. Ya tsuke leɓe yana hura iska. Sauti bai fito ba, bakin ba zai bari ba, amma na ji yadda iskar ke tafiya: gajere, gajere, dogo. Gajere, gajere, dogo.

Fiton shayar da doki ne. Da shi suke lallashin doki ya sa baki a ruwa. Kowace safiya ta aurenmu na ji fiton nan daga wajen komi, ina tsaye a kicin ina kallon shayinsa na hucewa. Sau nawa na ɗumama shayin nan ina mita? Ranar aurenmu ma haka aka yi. An ɗaga kofuna za a sha don amarya, aka nemi ango aka rasa, ashe yana bayan coci da bokiti. Mahaifiyata ta ce, "Merle, kin auri mutumin da za ki riƙa zuwa bayan doki." Tun daga ranar ban taɓa ganin ya kai ko cokali ɗaya na ruwa bakinsa ba sai dokinsa ya sha.

Kuma ranar Litinin komin a bushe yake. Barney bai sha ba. Abu na ƙarshe da ya sani ke nan kafin ya kwanta.

Ni ce sakarya. Ina zaune kusa da shi ina masa faɗa, shi kuwa aikinsa yake yi.

Asabar, da yamma

Na sami Clarrie a maƙera na gaya masa. Ya ajiye guduma, ya zauna kan gungume.

"Doka ce, matar Kofur. Doki, sannan mutanenka, sannan kai. A Biyasheba dawakinmu sun kusa kwana biyu ba ruwa, muka yi sukuwa muka ƙwace rijiyoyin. Harshena ya kumbura kamar takalmi. Na sa kai zan sha, mijinki ya janyo ni ta wuyan riga, ya ce in na kuskura sai ya jefa ni ciki. Muka ja guga har hannu ya saɓule. Shi ya sha a ƙarshe, ruwan ma ya zama laka."

Na ce wannan na sha ji, duk shekara sai sun faɗa in sun sha giya.

Ya ce, "Akwai wanda ba ma faɗa."

Ban so ya faɗa ba, amma ban hana shi ba. Ya ce bayan yaƙi ya ƙare aka ware dawakin da suka tsufa don a harbe, Kitty na ciki. Da safen da za a kai su bayan tudun rairayi wani hafsa ya ce ba sai an shayar da su ba, asarar ruwa ce. Athol ya juye ruwan gorarsa a cikin hula ya miƙa mata.

"Me ruwan gora zai yi wa goɗiya? Tana lasar hular aka kira lambarta."

Sauran ba zan rubuta ba. Clarrie ya share hanci da bayan hannu, ya ce hayaƙin gawayi ne. Wutar maƙerar a mace take.

Lahadi, 19 ga Janairu, bayan coci

Na buga wa Neville waya. Layin na ta ƙara, ina ihu yana ihu.

"Mama, doki? A asibiti? Tafiyar yini guda ce fa a mota."

"Ban tambaye ka nisa ba. Ka nemi mota ka kawo shi."

"Ba za a sami dokin mai madara ba?"

"Ubanka hankalinsa ya tafi, ba idonsa ba. Ka kai masa dokin mai madara ka ga ko ba zai tashi ya zage ka ba."

Likita ya ce a gwada, ba abin da za a rasa. Sista Kinnear ce ta tsaya min a wuya, ba don komai ba sai don furanninta da ke ƙarƙashin taga, waɗanda take raya su da ruwan wanke kwano tun da fari ya fara. Ta ce, "Misis Prowse, in dabbar nan ta ci min fure ɗaya, ke da ita za ku kwana waje." Daga baya na gan ta ita da kanta tana gwada ko gadon zai fita ta ƙofar baranda.

Litinin, 20 ga Janairu, da tsakar rana

Ba su sami mota ba sai gobe. Idanun Athol sun faɗa ciki. Na kasa shan shayina a gabansa, na bar shi a taga.

Talata, 21 ga Janairu, da yamma

An yi, bai yiwu ba.

Komai ya tafi daidai da farko. Aka turo gadon baranda, aka jingina shi da matashi. Clarrie ya zo da bokitin tamfol irin na soja da ya ajiye tun wancan zamani. Neville ya sauke Barney daga mota ya jawo shi ta gefen furanni. Da Athol ya gan shi, wayyo, fuskar nan! Gefen da ke motsi gaba ɗaya ya haskaka. Ya fara hura iskar fito.

Barney ya sunkuya, ya shinshina bokitin, ya hura hanci, ya ɗaga kai yana kallon ƙudaje. Clarrie ya yi fito har ya yi tari. Ko leɓe dokin bai jiƙa ba.

Na juya wajen Neville. "Me ka ba shi a hanya?"

Ya yi tsuru-tsuru. "Mun tsaya a mashigin kogi, Mama. Zafin ya yi yawa, na bar shi ya sha ya ƙoshi. Ai ba zan kawo wa Baba dokinsa da ƙishirwa ba, kashe ni zai yi."

Na ɗaga hannu kamar in mare shi, sai na rasa dalilin marin. Abin da uban ya koya masa tun yana rarrafe shi ya yi. Ɗan Athol ne, me nake jira?

Athol ya daɗe yana kallon bokitin cike. Sannan ya rufe ido, ya ce, "Ta ƙi sha." Hawaye bai zo ba, ba ruwan da zai yi shi.

Laraba, 22 ga Janairu, da sassafe

Barney na ɗaure a bayan maƙerar Clarrie, a inuwa. Na sa an kwashe duk wani abu mai riƙe ruwa daga wurin.

Clarrie ya ce, "Matar Kofur, kin san abin da kike sa ni yi? In ya ji labari, fata zai feɗe min."

"Ya tashi ya feɗe. Abin da nake nema ke nan."

Neville ya ƙi kallona. Ya ɗauki mota ya tafi gona ɗebo ɗan ruwan da ya rage a tankinmu, don Clarrie ya ce wani lokaci doki kan ƙi ruwan gari saboda warin magani. Ba zan sake barin wata ƙofa ba.

Laraba, da tsakar rana

Daga ɗakina na bayan coci ana jin haniniyarsa. Na rufe taga, ana ji.

Laraba, da yamma

Na je na zauna kusa da Barney. Ya miƙo wuya yana shinshinar hannuna, yana neman abin da ya san kowane ɗan gidanmu kan zo da shi. A gidan Prowse ba a taɓa barin dabba da ƙishirwa da gangan ba, ko a shekarar da muka riƙa wanka da tsumma. Ni ce ta farko. Na gaya masa gaskiya, na ce, "Barney, ka yi haƙuri, kai za ka jure, shi ba zai jure ba." Ya ɗora haɓarsa a kafaɗata, nauyi kamar buhun gari.

Sista ta ce an riga an aika wa tashar jirgi a tanadi wurin gado. Aikinta ne. Na ga ba daidai ba ne in sha alhali su biyu ba su sha ba, don haka ban sha ba.

Alhamis, 23 ga Janairu, da hantsi

Bari in bi shi daki-daki, don jikokina su san irin kakan da suke da shi.

Tun rana ba ta yi zafi ba aka turo gadon baranda. Na ce a kwance masa hannu, Sista ta dubi likita, ta kwance. Na sa masa hularsa. Ta yi masa yawa yanzu, ta sauko har gira, na gyara ta ta karkata yadda suke sa ta. Marasa lafiyar da ke iya tashi duk sun fito taga.

Clarrie ya shigo da Barney, ko in ce Barney ya shigo da Clarrie, don tun daga ƙofa ya ji ƙanshin ruwan, ya ja tsohon nan ta tsakiyar furannin Sista.

Athol ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Iyakar abin da ya yi ke nan, ya ɗaga hannu, ya ce, "Tsaya." Dokin da ya kwana ya yini ba ruwa ya tsaya cak, bakinsa tazarar taki ɗaya da bokiti, jikinsa na karkarwa. Don in doki ya zo a guje da ƙishi ba a barinsa ya faɗa wa ruwa, sai ya natsu. Mutumin da bai san sunan matarsa ba, wannan bai manta ba. Sannan ya sauke hannu, ya tsuke leɓe, kuma wallahi wannan karon wani ɗan siririn sauti ya fito.

Barney ya sa baki. Ba ka jin komai a barandar nan sai ƙwat, ƙwat, ruwa na sauka a maƙogwaro, kunnuwansa na motsi da kowace haɗiya. Bokiti ya ƙare, Neville ya juya zai ajiye.

Athol ya ce, "Ƙara mata."

Aka ƙara.

"Ƙara. Ku bar Kitty ta ƙoshi. Ba wanda zai kira ta sai ta ƙoshi."

Clarrie ya ƙame kamar a fareti, ya ce da muryar da ban san yana da ita ba, "Ba mai kira, Kofur. Ina nan tsaye."

Ya sha har ya gaji, ya ɗaga kai ruwa na zuba daga leɓensa, ya yi dogon numfashi, ya soma wasa da sauran da hanci. Athol ya bi cikin dokin da kallo, ya gyaɗa kai.

Sista ta miƙo min kofin a ɓoye ta bayan gado. Na sa masa a hannu, na riƙe ƙasan kofin don kada ya zube. Ya ɗaga shi har kusa da baki, sai ya tsaya. Ya juyo ya kalle ni. Na ce shi ke nan, an koma.

Ya ce, "Leɓenki ya tsage, Merle. Wa ke kula da ke? Sha."

Ya turo kofin wajena. Doki, sannan mutanenka, sannan kai. Na sha, ina kuka ina sha, rabi ya zube a rigata. Ya sa ido sai da ya ga na haɗiye. Ya dubi Clarrie, Clarrie ya ce, "Na sha tun a gida, Kofur, kuma ba ruwa ba." Sannan Athol Prowse ya kai kofin bakinsa ya kurɓa kaɗan, ya riƙe a baki, ya haɗiye, yadda ya koya wa Neville yana yaro. Ya sake kurɓa. Sai da ya shanye.

Neville ya juya baya yana gyara ragamar da ba abin da ya same ta. Likita ya cire tabarau yana gogewa.

Athol ya sake duban Barney, ya haɗe girar da ke motsi. "Wa ya bar dokin nan da ƙishi haka?"

Clarrie ya nuna ni da haɓa. "Umarni ne daga sama, Kofur."

Ya dube ni, ya daɗe. Ya ce, "Za mu yi magana."

Alhamis, da yamma

Ya sha romo. Ya kira ni Hec sau ɗaya, ya kira ni Merle sau da yawa. Likita ya ce kada in sa rai da yawa game da hannun, da sauran abin da ba na so in rubuta. Na ji. Sista ta ce Barney zai riƙa zuwa safe da yamma har a sallame mu, tunda furannin sun riga sun tafi, amma Clarrie ne zai kwashe kashin.

Juma'a, 24 ga Janairu, da safe

Jirgin Brisbane ya yi kuka a tasha, ya tashi. Muna baranda muna jinsa har ya ɓace.

Na kawo masa shayi da zafinsa, sukari uku. Ya ajiye shi a gefe, yana kallon ƙofar da Clarrie zai shigo da doki, kuma Clarrie ya makara kamar kullum. Na zauna ina kallon shayin na hucewa, ban yi mita ba. Mahaifiyata ta yi gaskiya, bayan doki nake zuwa. Abin da ba ta sani ba, kuma ni ma sai jiya na sani, shi ne duk shekarun nan Athol kansa bayana yake zuwa.

Ga su nan sun shigo. Bari in je in ɗumama shayin.